Ku Tambayi Anti: Wai Me Kakin Zuma Yake Yi Wa Fata?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin naku kusan duk hanya ɗaya suka bi, kakin zuma, wanda wasu ke ce wa danƙon zuma. Da alama masu tallar kayan kwalliya sun sake gano shi, duk inda mutum ya leƙa a waya sai ya ci karo da wata tana narka shi tana rantsuwa wai ba abin da ba ya magani. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, masu dogon bayani ku yi haƙuri na ɗan datse.

TAMBAYA: Aslm Anti barka da ƙoƙari. Dan Allah ni dai fatata ce ta isheni da bushewa, in na ja farce a ƙwaurina sai kiga layi fari tas ya fito. Ƙawata ce tace in nemi man da akayi da kakin zuma, na siya inata shafawa yau kusan wata guda kenan amma wlh ba wani canji, sama maiƙo ƙasa a bushe, ga ɓata kaya. Ko dai na jabu aka haɗani dashi? — Wata ɗaliba

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Kafin mu ɗora wa mai man laifi, wai yaushe kike shafawa? Don na san halinmu, sai an goge jiki ƙarƙaf da tawul, an zauna an sha iska an duba waya, sannan a jawo mai. To a nan gizo ke saƙar. Kaki ba ya ba fata ruwa, shi kansa babu ɗigon ruwa a jikinsa, hasali ma ba sa ga maciji da ruwa, ki ɗiga masa ki gani sai dai ya gangare ya wuce. Aikinsa ɗaya ne tak, ya rufe.

Fatar mutum kullum cikin fitar da danshi take, ko ba gumi kike ba, a hankali yake sulalewa ya bi iska. Abin da ke rage masa gudu wani siririn kitse ne da Allah ya shimfiɗa tsakanin ƙwayoyin fata na can sama, to sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi da dirzar soso da busasshiyar iska duk suna wanke wannan kitsen, shi ya sa kike ganin fata ta yi furu-furu. Idan aka narka kaki cikin mai aka shafa sai ya kwanta a sama ya tare hanyar. Kamar murfi ne a bakin tulu, in da ruwa a ciki zai adana miki shi, in kuwa tulun wayam yake ko murfin zinare kika ɗora ba zai cika ba.

Don haka ki canza tsari. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi-ɗumi ba mai ƙuna ba, kar ki daɗe a ciki, in kin fito ki ɗan daddanna tawul kawai ki bar jikin da lema, nan take cikin minti biyu zuwa uku ki shafa. Kuma kaɗan ake lakata, a murza a tafin hannu har ya narke sannan a bi jiki da shi, wannan laftawar ce ke ɓata miki kaya. In bushewar ta yi yawa ki fara shafa loshan mai gilisirin a ƙasa, shi gilisirin jawo ruwa yake ya riƙe, sai ki ɗora man kakin a sama ya kulle.

Zan faɗi wata magana da masu sayarwa ba za su so ba: wajen tare danshi, basilin ya fi kaki nesa ba kusa ba, shi kusan kashi 98 cikin 100 na danshin da ke fita yake tarewa. Abin da kaki ya fi shi shi ne zama, ba ya narkewa ya bi jiki yana ƙyalli da ɗan zafi kaɗan, yana daɗewa a leɓe da hannu, ga ƙamshi mai daɗi. Wannan ma ba ƙaramin abu bane, amma dai a san matsayin kowa.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Na gwada haɗawa da kaina, na zuba kakin da man kwakwa a tukunya na ɗora a wuta, kafin kice me hayaƙi ya turnuƙe kicin ɗin ya koma wani baƙi-baƙi, da ya huce kuma ya daskare kamar dutse ko farce baya shiga. Ina na kuskure? — Wata amarya

AMSA: Amarya kin sha ƙamshi, amma Allah ya tsare ki gaskiya, don abin da kika yi kiris ya rage ya zama gobara. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Yana narkewa ne a zafin digiri 62 zuwa 65 kacal, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa, kin ga ashe ruwan zafi ma ya ishe shi. Da ya haura 85 launinsa yake fara dafewa ƙamshin ya gudu, in aka ci gaba da gasa shi har ya wuce 200 to wuta yake kamawa, kuma wutar kaki irin ta mai ce, in kin watsa mata ruwa fallatsi za ta yi ta tashi sama. Murfi ake kifawa a kashe murhu.

Yadda ake yi, ki zuba ruwa a tukunya ya yi zafi ba sai yana ɓararraka ba, ki sa kakin da man a wani kwano ko kwalba mai jure zafi ki tsoma a ciki. In dunƙule ne ki fara gurza shi ko ki farfasa ƙanana. Za ki ga gefe-gefen sun fara yin garau, gutsattsarin suna yawo suna ƙanƙancewa har su ɓace, man ya koma ruwan zinare ba gudaji ko ɗaya, to a nan za ki sauke. Kar ɗigon ruwa ya faɗa ciki, ki goge gindin kwanon kafin ki juye.

Taurin kuma, kakin ne ya yi yawa. Ki daina awo da ido, ki nemi ɗan sikelin kicin. Man jiki mai laushi da yatsa zai lakata: giram 20 na kaki, giram 80 na mai. Na leɓe da ake so ya tsaya a robarsa: 25 da 75. In kina son irin dunƙulen nan mai kama da sabulu da ake gogawa a gwiwa da dunduniya, sai ki raba uku daidai, kaki, man kaɗanya da mai na ruwa. Inda ake zafi sosai a ɗan ƙara kakin, inda ake sanyi a rage. Ga wata dabara, tun kafin ki fara ki jefa cokali a firji, idan haɗin ya narke ki tsoma bakin cokalin ki ciro, cikin daƙiƙu zai daskare, ki murza a bayan hannunki ki ji. Ya yi tauri ki ƙara mai, ya yi ruwa ki ƙara kaki, ba sai kin jira ya huce kin yi da-na-sani ba.

Wancan da ya ƙone ki haƙura da shi. Amma wanda tauri kawai ya yi ba asara bane, a sake narkawa a ƙara mai shikenan. Sannan kar ki kuskura ki juye ragowar a sink, zai daskare a bututu ya toshe, ki goge kwanon da takarda tun yana da ɗumi kafin ki wanke.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni sana'a nakeso na fara. Naga ana cewa in an zuba ruwan wardi yafi laushi, na zuba na buga sosai yayi kyau kamar kirim ɗin kanti, bayan kwana biyu ruwa ya fara tsatsafowa, bayan sati biyu naga wani ɗigo-ɗigo kore a sama. Zan iya kwashe saman in siyar da sauran? — Mai neman na kanta

AMSA: A'a 'yar'uwa, ki zubar gaba ɗaya, kwalbar ma ki wanke ta da ruwan zafi. Abin da kika gani a sama funfuna ce, kuma wadda ido ya gani kaɗan ce a kan abin da ke ciki. Allah ya sa wa sana'a albarka, amma kar ki fara ta da abin da zai sa wata ta kwana tana susa.

Ki kwantar da hankalinki ba ke kika fara cin karo da wannan ba. Haɗin kaki da man zaitun da ruwan wardi tsoho ne tukuf, ana jingina shi ga Jalinus, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2 Miladiyya, haifaffen wani gari da ke cikin Turkiyya ta yau. Ruwan da ke ciki ne yake bin iska ya bar sanyi a fata, shi ya sa ake ce masa kirim mai sanyi. Matsalarsa kuwa irin taki ce, ya rabu kuma ya lalace da wuri, domin kaki shi kaɗai ba ya iya aurar da ruwa da mai, sai dai ya riƙe su na ɗan lokaci in an buga da ƙarfi. Daga baya masu haɗa magunguna suka gano in an sa wani sinadari mai suna boraks yana haɗuwa da wani sashe na kakin ya zama kamar sabulu ya riƙe su, amma ban ba ki shawarar bin wannan hanyar ba, Tarayyar Turai ma ta hana sa shi a kayan shafa.

Ƙa'idar ita ce, duk haɗin da ruwa ya shiga, ko ruwan wardi ne ko alobera ko ma zuma, to ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama, dole sai da sinadarin haɗe ruwa da mai, da sinadarin hana lalacewa, da awo na ƙa'ida. Bitamin E da ake ta ambata ba ya kashe ƙwayar cuta, man kawai yake hanawa saurin yin warin tsufa. Ki fara da wanda babu ruwa, shi zai iya kai miki wata 6 har shekara in kin rufe kin ajiye a inuwa, in hannunki ya faɗa sai ki je ki koyi na ruwan a wurin waɗanda suka san shi.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Kaki biyu na gani, wani rawaya wani fari fat, mai kayan yace farin shine orijinal, wata kuma tace farin kyandir ne kawai. Wa zan yarda dashi? Kuma ya ake gane na gaskiya? — Wata uwa

AMSA: Hajiya duk su biyun sun faɗi rabi sun bar rabi. Bari in ɗan kai ki cikin amya. Ba daga fure ƙudan zuma ke ɗebo kaki ba, daga jikinsu yake fita. Ma'aikatan cikinsu masu ƙuruciya, 'yan kwana 12 zuwa 18 haka, suna da wasu 'yan kafofi guda 8 a ƙarƙashin ciki, sai su sha zuma su ƙoshi su rataye jikin juna, can sai ka ga wani ɗan ɓawo ƙarami garau ya ɓullo, bai fi kan allura ba. Ƙudar sai ta sa ƙafa ta zaro shi ta kai baki ta tauna har ya yi laushi sannan ta liƙa a saƙa. Sai an tara irin wannan ɓawon sama da 1,000 kafin a samu giram ɗaya, kuma kafin su yi kilo ɗaya na kaki sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8. In kin ji wannan kin san abin da aka sha wa wannan wahalar ba zai zo da arahar banza ba.

To kin ga asalinsa fari ne, garin fure da ƙaron da suke shafe amya da shi ne ke rina shi ya koma rawaya, saƙar da ta tsufa aka yi ta renon 'ya'ya a ciki har baƙi take yi. Farin da ake sayarwa rawayan ne aka tace, wani a shanya shi a rana ya koɗe, wani a bi da shi ta gawayin tacewa, wani kuma da sinadari. A jikin kwalin man shafawa za ki ga an rubuta Cera Alba, farin kenan, rawayan kuma Cera Flava. Dukkansu kaki ne. Sai dai ita ma mai maganar kyandir ba ta yi ƙarya ba, ana algus sosai, a narka farafin, wato abin da ake yin kyandir da shi, ko wani kitse mai tauri a gauraya, kuma ba farin kaɗai ba, rawayan ma ana rina shi a ɗiga turare.

Ki gwada haka. Ki sansana, na gaske yana da ƙamshin zuma sama-sama, ba mai hawa kai ba, amma farin da aka tace sosai ba lalle ki ji komai ba. Ki fasa shi yana da sanyi, cikin ya kamata ya fito dishi-dishi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba sumul yana sheƙi ba. Ki gutsuri kaɗan ki yi ta murzawa tsakanin yatsu, na gaske zai yi laushi ya lanƙwasu ba tare da ya bar maiƙo ba, mai farafin kuwa santsi yake ko ya marmashe. In kin ga tsohon dunƙule ya yi wani fari-fari a sama kamar an barbaɗa hoda, kin goga ya tafi, wannan ba lalacewa bace, halin na gaske ne. Duk da haka gwajin gida babban algus kawai yake kamawa, wanda aka sa kaɗan sai ɗakin gwaji.

Mafi kyau ki samu mai kiwon zuma da kika yarda da shi ki ce kina son kakin murfin saƙa, wato wanda ake yankewa a sama ranar tatsar zuma, shi ne sabo kuma ya fi tsabta. Dalili, a ƙasashen da ake sa wa amya maganin wani ƙwaro mai suna barowa, maganin yana maƙalewa a tsohon kaki ya daɗe. Shi ya sa ma kamfanonin kayan shafa na waje ke rububin kakin ƙasashe irin su Habasha da Tanzaniya inda ba a cika sa irin waɗannan magunguna ba.

TAMBAYA: Anti taimaka min. Tunda na fara shafa man leɓe na kakin zuma leɓena ke ƙaiƙayi yana saɓa, har gefen bakin yayi ja, ni kuma sai na ƙara shafawa don ina ganin bushewa ce. Mai kayan tace ai dattin ne ke fita in daure. — Ƙanwarki

AMSA: Ki ajiye shi yau ɗin nan ƙanwata. Babu wani datti da ke fita ta leɓe, wannan maganar masu kaya ce don kar a dawo musu da shi. Abin da kika kwatanta alamar jikinki bai karɓi wani abu a cikin man bane, ke kuma kina ta ƙara wa wuta fetur.

Kaki mai tsabta ba kasafai yake tayar wa mutane da fata ba, amma yana yi. Yawanci mai laifin shi ne ƙaron nan da na ambata, firofolis, wanda ƙudan ke kankarowa daga tohon bishiyoyi su toshe ɓarakar amya, ɓurɓushinsa yana saura a kaki musamman rawaya wanda ba a tace sosai ba. Ba ƙaramin abu bane, tun 2019 likitocin fata a Turai suka sa shi cikin jerin abubuwan da ake gwada wa duk wanda ya zo da irin wannan ƙaiƙayin. Kuma zai iya yiwuwa ba kakin bane sam, turare ko na'ana'a ko kirfa da ake ɗigawa a man leɓe su ma gwanaye ne wajen wannan aika-aika. Ki koma basilin zalla marar ƙamshi, ki daina lasar leɓe, in sati biyu ya wuce bai lafa ba ko kin ga kumburi ko ruwa na fita, sai asibiti wurin likitan fata.

Ga sauran masu karatu, sabon mai a fara gwada shi a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, domin irin wannan rashin jituwar ba ta nuna kanta a ranar farko. Akwai wadda ta tambaya ko mai kumbura in zuma ta harbe ta za ta iya shafawa: dafin harbi daban kaki daban, amma ke kam kar ki tsallake gwajin nan, in kuma harbin ya taɓa kai ki ga sarƙewar numfashi to ki fara jin ta bakin likitanki.

TAMBAYA: Anti da gaske ne yana sa haske, yana goge nankarwa, kuma yana kare rana?

AMSA: Wannan ta zo daga mutane da yawa, amsar kuma a'a ce sau uku. Ba ya taɓa launin fata, hasken da kike gani na fatar da ta samu danshi ne ta daina furu-furu. In kuwa kika shafa wani "man kaki" kika ga kina fari cikin sati biyu, ki tsorata, an zuba masa sinadarin bilicin ne aka ɓoye bayan sunan zuma. Nankarwa a can cikin fata take inda mai ba ya kaiwa, zai rage miki ƙaiƙayin ciki in yana miƙewa, ita kuma da kanta take dusashewa a hankali. Rana kuma sai man kare rana mai lambar SPF 30 ko sama. Masu cewa cike yake da bitamin A su ma kar ku biye musu.

TAMBAYA: Ina da pimpus kuma fuskata mai maiƙo ce, in shafa? — Wata budurwa

AMSA: Ni dai da za ki ji tawa, ki bar shi daga wuya zuwa ƙasa, sai leɓe. Shi kakin kansa ba ya cikin manyan masu toshe ƙofofin fata, amma ai ba shi kaɗai ake shafawa ba, abokan tafiyarsa ne matsalar, man kwakwa da man koko sun yi suna wajen tayar da ƙuraje a fuska. Fuskar da ke fitar da nata man kuma ba ta neman a sake rufe ta, balle a lokacin zafi ga gumi. Ki lura da man gashi ma, in kin ga ƙananan ƙuraje sun yi layi a goshi daidai bakin gashi, to man kitson ne ke gangarowa.

TAMBAYA: Anti yarona ɗan wata biyar famfas ya ƙona masa mazaunai, yayarsa kuma tana da ezima a bayan gwiwa. Naji ance akwai binciken da ya nuna zuma da kaki da man zaitun na warkarwa, in haɗa musu? — Maman biyu

AMSA: Maman biyu sannu da fama, Allah ya raya su. Binciken akwai shi ba ƙarya bane. Wani likita mai suna Noori Al-Waili ya gwada haɗin ukun daidai wa daida, a 2003 a kan mutum 21 masu ezima da 18 masu wata cutar fata soriyasis, a 2005 kuma a kan jarirai 12 masu ƙunar ƙunzugu, kuma da yawansu sun samu sauƙi. Amma ki dubi adadin, mutanen ba su da yawa, sannan abu uku aka haɗa, ba wanda zai ce ga rabon kaki a ciki. Ga kuma wani binciken na Jami'ar Sheffield a Ingila a 2013 da ya nuna man zaitun yana raunana saman fata in ana shafa shi kullum, alhali man furen rana bai yi haka ba. To mai ezima da ma saman fatarta a raunane yake.

Shi jaririn, ki yawaita canza masa, ki wanke da ruwa zalla ki bari ya sha iska, ki shafa kirim mai sinadarin zink da kauri. Kar ki kawo zuma kusa da shi, yaro ƙasa da shekara ɗaya ba a bari zuma ta shiga bakinsa saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki, kin kuwa san hannun jariri daga ko'ina sai baki. In wurin ya yi ja zur har cikin matsematsi da 'yan ɗige-ɗige a gefe, ko ya wuce kwana uku ba sauƙi, ki kai shi a duba. Ita yayar, mai marar ƙamshi bayan wanka zai taimaka ƙwarai, ko da kaki a ciki in kin gwada ya karɓe ta, amma ranar da abin ya tashi maganin likita ne ke kwantar da shi, kar ki ajiye shi ki kama mai.

TAMBAYA: Anti ko maza ma na iya tambaya? Faso ne ya dameni, dunduniya ta tsage har tana jini wani lokacin, kuma ina da ciwon suga. Madam ce tace in tambayeki ko kakin zai yi. — Wani magidanci

AMSA: Malam ƙofa a buɗe take, a gaida Madam. Da ba ka ambaci suga ba da na ce ga inda kaki ya fi iya aikinsa, a jiƙa ƙafa a goge kaushin a shafa dunƙulen nan mai kashi uku a sa safa a kwanta. Amma kai hukuncinka daban. Suga yana rage jin ciwo a ƙafa yana kuma hana rauni saurin warkewa, tsagar da ke jini ƙofa ce a buɗe, don haka ka fara kai ƙafar nan asibiti a gani cikin satin nan, kar ka cusa kaki ko wani mai a cikin tsagar. Ban da reza, ban da daɗewa da ƙafa a ruwa, ruwan ɗumi ma ka fara taɓawa da gwiwar hannu kafin ka tsoma. In ta rufe, ka tambayi likita kirim mai sinadarin yuriya, shi ne ke narkar da kaushi, sai ka ɗora man kakin a kai da dare, amma kar ka shafa tsakanin yatsu don wurin ba ya son danshi. Kullum kafin ka kwanta ka duba tafin ƙafar da madubi, ko Madam ta duba maka.